Daga Doso Zuwa Surame: Biranen Kakanninmu a Ɓangare Biyu na Iyaka



Dattawanmu sun sha kawo kuka a taro cewa yaranmu da aka haifa a nan Yamai, in aka ambaci Kanta ko Argungu, sai su ce ai wannan tarihin Najeriya ne, ba a koya musu shi a lakkwal ba. Saboda haka ƙungiya ta ɗauki mota, muka fita ran Juma'a bayan masallaci, muka komo Lahadi da dare. Mun bi ta Doso da Gaya, muka ƙetara a Kamba, muka shiga Argungu da Sakkwato, muka fito ta Ƙonni da Dogon Dutsi. Tafiyar ta haura kilomita 1000. Ga abin da muka gani, da abin da ya kamata Ba'are ya sani game da shi.

Doso tana kamar kilomita 140 daga Yamai. Fadar Zarmakwai, wadda aka gina a 1904, ta zamanin Faransawa ce, amma sarautar ta girme ta nesa. Abin da ya shafe mu shi ne zumuncin gidan nan da Kabi. A tsakiyar ƙarni na 19 Zarmakwai Dauda da mayaƙin nan Isa Korombe sun haɗa kai da Kabawa suka yaƙi Gwandu. Ku riƙe wannan, za mu sake tarar da shi a Argungu.

Mun kwana Gaya. Da safe muka ƙetara, muka bi hanyar Kangiwa, wadda ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar da Najeriya ke kira Arewa Dandi. Sunan kaɗai ya isa shaida. Harshen da muka ji a kasuwa namu ne, tsagar da ke fuskar tsofaffi irin ta iyayenmu ce, kuma kusan kowa cikinmu yana da goggo ko kawu a can.

A Argungu muka fi daɗewa. Tsohuwar fadar sarki, da ake kira Gidan Nabame, sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi na Kanta a 1958. Akwai masu da takubba, kwari da baka, layu da tambura, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi. Asalin zaman Argungu kuwa gudun hijira ne. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da yaƙi har aka kashe sarkinsu Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Ya yi shekaru a can, har aka saki jiki da shi. A 1849 ya tsere ya ɗaga tuta a Argungu, sai Arewa da Zabarma da Dandi suka bi shi. Kakanninmu ke nan, da dawakinsu da 'yan bakansu. An kashe Nabame a 1854, amma yaƙi bai mutu ba. A 1867 aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, ya riƙe 'yan shekaru ya warware, aka koma fagen fama a zamanin Sarki Sama'ila har zuwan Turawa. Bikin kamun kifi na Matan Fada da duniya ta sani, wanda ya samo girmansa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, alamar binne wannan gaba ce. Masu zuwa kallon manyan kifaye ba kasafai suke tuna haka ba.

Daga nan muka ratse daji zuwa Surame, wato muka koma baya shekara 300 kafin Nabame. Muhammadu Kanta yana cikin rundunar Askiya Muhammadu na Songhai da ta ci Agadas. Da suka saɓa wajen rabon ganima, wajen 1516, ya ɓalle ya kafa daularsa, ya yi Surame ta zama babban birninsa. Songhai ta kawo masa yaƙi ba ta ci nasara ba, ya kuma kara da Barno. Sauran biranen Hausa ganuwarsu ta ƙasa ce, ruwan sama ya narkar da yawancinsu. Ta Surame da dutse aka jera ta, shi ya sa har yau mutum na iya bin ta da ƙafa ya gane inda ƙofofi suke, ko da yake an watse daga birnin tun farkon ƙarni na 18, aka koma Birnin Kabi. Yanzu kufai ne, sai kukoki da sarƙaƙiya. A ganinmu babu kangon da ya kai shi kwarjini a duk ƙasar Hausa, kuma bai sami kulawar da ta dace da shi ba.

Sakkwato mun yi sallah, mun ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817. Kakanninmu sun yaƙi daularsa, amma shi ma a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yau.

To, ina iyakar ta fito? A Paris aka yanke ta ran 14 ga Yuni 1898. Ingila da Faransa suka ce layi zai bi tsakiyar Dallol Mawri, wato tsakar gidanmu, sannan ya yi kewaye mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Da an tsaya a nan, da Ƙonni tana hannun Ingilishi, da rabin Arewa ma haka. Amma Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A 1904 suka bar wa Ingila haƙƙinsu na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri mai sanyi na ƙasar Kanada ta yau, ita kuma ta ja layin ya yi kudu. An tabbatar da haka a 1906, sannan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Kifin teku da babu Ba'aren da ya taɓa gani, shi ya sa mutumin Matankari ke rubuta Faransanci, ɗan baffansa na Kangiwa na rubuta Ingilishi. Babu sarkin da aka tambaya. Kuma layin nan yana cizo: an rufe shi a 1984, an rufe a 2019, an sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, biki da jana'iza suka riƙa wuce mutane.

A Ƙonni ganuwar ta kusa ɓacewa. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garin a watan Mayu 1899, ta kashe jama'a masu yawa. Makonni kaɗan kafin haka, a Afrilu, ta auka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tare ta da 'yan baka. Lugu ba ta da soro, ba ta da ganuwar dutse, kuma rana ta faɗi mana a Dogon Dutsi, don haka muka bar ta sai tafiya ta gaba.

Duk dattijon da ya riƙe sunan kakansa da ya yi yaƙi tare da Nabame ko Sama'ila, ko sunan garin da danginsa suke a ƙetaren iyaka, ya kawo wa magatakarda a taron wata mai zuwa, za a rubuta cikin littafin ƙungiya.