Mata-maza Daban, Daudu Daban: Yadda Muka Cakuɗa Su

Tun da 'yar damben Aljeriya, Imane Khelif, ta ci zinare a Paris a Agustan 2024, ƙurar gardama kan jinsinta ba ta kwanta ba. Daga teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora har shafukan Facebook kowa ya zama likita: wannan ya ce ɗan daudu ne, wancan ya ce mata-maza ce, wani ya rantse namiji ne Turawa suka yi wa aiki. Ita dai a mace aka raɗa mata suna, a mace ta tashi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka zuba al'amura daban-daban a ƙwarya guda, alhali magabata sun rarrabe su.

Maganar mata-maza ta girmi Musulunci. Larabawa na ba da labarin Amir bin Zarib, alƙalin jahiliyya da rabon gadon irin wannan mutum ya hana shi barci, har baiwarsa ta ce ya duba ta inda fitsari ke fita. Fikihu ya ɗora a kai: gemu, nono, haila. In alamu suka ƙi rabuwa, Malikawa suka ce a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Duk almajirin da ya kai ƙarshen Muhtasar na Halil a wani zaure a Bebeji ko Ƙiru, da wannan mas'ala ya rufe littafin, kuma babu tsinuwa a cikinta, lissafi ne kawai. Shi kuwa namiji mai ɗabi'ar mata, Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya raba shi biyu: wanda haka aka halicce shi, da mai ƙirƙira da gangan, ya ɗora laifi a kan na biyun.

Daudu wata hanya ya biyo. Wasu na cewa daga bori ya fito, saboda alaƙar 'yan daudu da iskan nan Ɗan Galadima. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a kudancin Kano inda Maguzawa suka daɗe da al'adunsu, amma ba kowane ɗan daudu ke hawan bori ba. Masu cewa intanet da Turawa ne suka kawo shi kuwa su duba dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960: ta riga ta saka namiji mai shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Ba a kafa doka a kan abin da babu.

Ni a ganina bariki ne ya raini daudu. Inda duk aka tara ƙarti ba iyali, irin lebarorin kuza a Riruwai ko na dam ɗin Tiga a shekarun 1970, dole a sami mai tuwo, matan aure kuma suna kulle. Wanda ya iya girki, kuma ba a hana shi zaman tasha, shi ya ci kasuwar. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990 ya fitar da littafi a 2009, ya tarar akasarinsu maza suke ɗaukar kansu, da yawa suna aure suna haihuwa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 da dokar Hisba ta 2003, sana'ar ta ja da baya daga idon mutane.

Kimiyya ta makara sosai kafin ta iso inda malamai suka tsaya. Sai a 1905 masaniya Nettie Stevens ta gano cewa ƙwayoyin gado ne ke raba jinsi, XX mace, XY namiji. A 1990 masana a Ingila suka gano SRY, ɗan guntun da ke kan Y wanda ke sa tayi ya fara yin 'ya'yan maraina wajen mako na bakwai. Kafin nan tsarin tayin namiji da na mace ɗaya ne. Daga nan sinadaran jiki ke karɓar aiki, kuma kowane mataki yana iya kaucewa: akwai mai XY da jikinta ba ya jin sinadarin maza, ta tashi mace sak sai dai babu haila. A 1974 aka ba da rahoton wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika inda yara ke tashi a mata, da balaga ta zo sai gabansu ya koma na maza, galibinsu kuma suka ci gaba da rayuwa a maza.

Mai lafiyayyen jiki da ke jin shi ɗaya jinsin ne fa? Nan hujja ta yi ƙaranci. Labarin David Reimer na Kanada, wanda kaciya ta lalata masa gaba aka raine shi a mace bisa shawarar masani John Money amma ya ƙi, ya nuna tarbiyya kaɗai ba ta gina wannan ji. Binciken Holan na 1995 ya ga bambanci a wani lungu na ƙwaƙwalwa, amma gawa shida kacal na masu sauya jinsi aka duba. Har yau babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da shi. Majalisar fikihu ta Rabiɗa a Makka ta ja layi a 1989: ta halatta gyara ga mata-maza, ta haramta sauyi ga wanda halittarsa ta fito sarai.

Kuɗin cakuɗar nan jarirai ke biya. Babban abin da ke sa a haifi 'ya mace da gaba mai ruɗarwa cuta ce ta wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda, kuma nau'inta mai tsanani yana zubar da gishirin jiki, ya kashe jinjiri cikin makonnin farko. Maganinta ƙwaya ne. Amma uwar da ta haihu a ƙauyen Doguwa ko Tudun Wada, in ungozoma ta ce a rufa asiri kada a ce gidan ya haifi ɗan daudu, da wuya ta hau motar Kano zuwa asibitin Malam Aminu kafin suna.