Asalin Dutsen Dala da Birnin da Ya Tashi a Gindinsa

Mutumin Kankiya ko na Kusada in ya tashi zuwa Kano, galibi ta Gidan Mutum Ɗaya yake bi, ya ratsa Tsanyawa da Bichi, ya wuce Dawanau, sai ga shi a birni. Yawancin masu wannan tafiya ciniki ke kai su. Su shiga Kantin Kwari ko Kurmi, su gama abin da ya kawo su, su juyo gida kafin magariba. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi labarin jan dutsen nan da ke tsaye a tsakiyar gidajen tsohon birni, alhali tun ba a san fada ba, ba a san kasuwa ba, a gindinsa aka fara zama. Sunansa Dala, ga kuma yadda abin ya faro.

An ce a zamanin da, can kafin a yi sarauta a ƙasar Kano, wani baƙin mutum ƙaƙƙarfa ya zo wannan wuri. Maharbi ne, sunansa Dala. Masu ba da labari sun ce ƙarfinsa ya kai ya kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka. Da ya iso ya ga dutse, ga kurmi, ga ruwa kusa, sai ya hau bisa ya gina gida, ya zauna da iyalinsa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu, mata uku, babbansu shi ne Garageje. Tun daga nan mutane suka riƙa kiran dutsen da sunan mai shi.

Cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, wanda ya fi kowa suna. Shi ne mai kula da tsafin Tsumburbura, wata bishiya da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. A bisa dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara. Ranar saukowarsa jama'a kan taru a gindin dutse, maza da mata, wani da baƙin bunsuru, wani da baƙar kaza, wani da baƙin kare. In dare ya yi ya shiga wurin tsafin, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. An ce wata rana ya gaya musu cewa wani baƙo na nan tafe da rundunarsa, zai karɓe ƙasar, ya yi mulki shi da zuriyarsa, a rushe wurin tsafinsu. Mutane suka tambayi dabara, ya ce babu sai haƙuri.

Wannan shi ne abin da tsofaffi suka riƙe, aka kuma rubuta shi a littafin Tarihin Kano. Akwai wani labarin da maƙera ke bayarwa. Sun ce kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, daga Gaya ya taso yana neman tama, ya same ta a nan, ya kafa maƙerarsa. Zuriyarsa su ne Abagayawa, kuma da sunansa aka kira garin. Masu binciken kayan tarihi da suka tona ƙasa a gindin Dala sun tarar da burbushin wuraren narka tama, gwaji ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake wannan aiki a wurin. Ashe maganar maƙera tana da tushe.

A nan ne za a gane dalilin da ya tara mutane a gindin dutsen. Tamar da ke cikin marmararsa ita ke ba da fartanya da gatari da kibiya. Mai fartanya ya yi noma, mai kibiya ya yi farauta ya kuma kare gida. Ga rafin Jakara kusa, ga ƙasa mai albarka. In mahara sun taso, wanda ke bisa dutse zai hango ƙurarsu tun suna nesa, a kwashe mata da yara a hau sama. Mutanen wancan zamani kuma sun yarda cewa iskoki a duwatsu suke zama, saboda haka mai kula da dutse shi ke da faɗa a ji. Irin wannan ne ya faru a wurare da yawa na ƙasar Hausa: Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara, da Dutsin-Ma nan kusa da Kankiya, wanda shi ma aka ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kansa.

Baƙon da Barbushe ya faɗa ya zo. Shi ne Bagauda, wanda aka ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda na Daura. Bisa lissafin da aka saba, ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063, kuma a Sheme ya zauna. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, aka kewaye Dala a ciki. An ce ranar da aka soma aikin shanu ɗari aka yanka wa ma'aikata. Da ganuwa ta tashi sai ƙauyukan gindin dutse suka zama birni guda.

Amma mutanen Dala ba su saki tsafinsu nan da nan ba. Shekaru aru-aru ana zaman doya da manja tsakaninsu da sarakuna, sarki na da mulki, su kuma suna riƙe da asirin Tsumburbura sun ƙi faɗa masa. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, daga 1307 zuwa 1343, aka fasa katangar tsafin da yaƙi. Bayansa, a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau a 1349, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki ga salla, ya amsa, aka naɗa limami da ladan, aka gina masallaci. Unguwar Madabo, wadda ba ta da nisa da Dala, ta zama mazaunin malamai.

Da Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, birni ya riga ya fi ƙarfin gindin dutse. Ya faɗaɗa ganuwa, ya gina sabuwar fada a kudu, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano. Tun daga lokacin sarauta ta koma fada, ciniki ya koma Kurmi, Dala ya zama wurin da ake hawa a dubi abin da ya tashi a ƙarƙashinsa.

Cikin waɗanda suka hau akwai wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Ya taso daga Katsina a farkon 1851, ya biyo ta Kusada, ya ratsa Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, a zamanin Sarki Usman. Ya hau Dala ya zana hoton birnin, da sorayensa da bukkokinsa da itatuwan dabino. Ya ƙiyasta mazauna birnin wajen 30,000, ya ce sukan ninka lokacin zuwan ayari. Ya kuma ba da labarin yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Hanyar da ya bi kuwa tsohuwar hanyar fatake ce, wadda kakannin mutanen Kusada suka sha ganin jakuna da raƙuma na bi.

Yau an yi wa dutsen matakala ta siminti, yaro da babba na iya hawa. Ƙololuwarsa tana da tsayin mita 534 daga bakin teku, samansa kuma fili ne shimfiɗaɗɗe. Wanda zai hau ya yi sammako kafin rana ta yi zafi, kuma damina ta fi, domin hazon hunturu kan rufe gari. Daga can zai ga Goron Dutse ta yamma, ga koriyar ƙubbar Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga ragowar badala nan da can tsakanin gine-gine. In ya sauko, sai ya zarce Gidan Makama ya ga kayan tarihin da aka adana, ya leƙa marinar Ƙofar Mata inda har yanzu ake rini da baba.

Sai dai dutsen na bukatar mai kula. Ruwan sama na zaizayar gefensa, gidaje sun matso har jikinsa, wasu kuma sun mai da shi wurin zubar da shara. A 2007 an sa Dala da ganuwa da Kurmi da fada cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, amma rubutu a takarda ba ya tare zaizaya. Aikin na hukuma ne da masarauta da mutanen unguwa, da kuma malaman makaranta, waɗanda ya kamata su riƙa kai ɗalibai su hau su gani da idonsu, su ji labarin Dala da Barbushe da maƙeran Gaya a wurin da abin ya faru. Yaron da aka kai ya ga inda garinsu ya faro ba zai yarda a rushe wurin a gabansa ba.

Wannan shi ne asalin Dutsen Dala, da yadda birnin Kano ya tashi a gindinsa.