Tarihin Dausayin Gabashin Kalkata: Yadda Tafkunan Masunta Suka Zama Matatar Ruwan Birni

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin tarihin wani dausayi da ke gabas da birnin Kalkata a jihar Bengal ta Yamma, ƙasar Indiya, wanda ya shafe shekaru wajen casa'in yana karɓar ruwan ƙazantar birnin, yana tsabtace shi, har a sami kifi da shinkafa da kayan lambu daga gare shi. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, tace ruwan ƙazanta ta hanyar dausayi da tsire-tsire abu ne da aka daɗe da tabbatar da amfaninsa, kuma abin da ke kashe shi ko ya raya shi a cikin birni shi ne shawarar da hukuma ta yanke game da fili. Za a fara da yanayin ƙasar, sa'an nan a duba yadda aka soma kiwon kifin, da yadda aikin ke gudana, da kuma gwagwarmayar da aka sha kafin doka ta kare wurin.

2.0 Yanayin Ƙasa da Magudanan Farko

An saba ƙidaya kafuwar Kalkata daga shekara ta 1690, sa'ad da Job Charnock, wakilin kamfanin cinikin Turawan Ingila, ya yada zango a gaɓar kogin Hugli. Birnin ya zama hedkwatar mulkin Ingila a Indiya har zuwa 1911. Gaɓar kogin ita ce tudu, ƙasar kuwa tana gangarawa a hankali zuwa gabas, inda akwai manyan tafkuna masu ruwan zartsi waɗanda ke cika su janye bisa ga cikowar teku ta hanyar wani kogi mai suna Bidyadhari. Magudanan da aka fara haƙawa sun nufi Hugli ne, watau an so ruwa ya hau tudu, don haka da damina sai ya kwanta cikin unguwanni. Tun a 1803 Gwamna Janar Wellesley ya yi kuka a rubuce game da lalacewar magudanan garin.

Gyara na sosai ya zo ne ta hannun injiniya William Clark, wanda aka amince da tsarinsa a 1859. Ya shirya a gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, masu ɗaukar ruwan sama da na ƙazanta gaba ɗaya, su bi gangaren ƙasa su zube gabas, inda janyewar teku za ta kwashe su. A 1865 kuma hukumar birni ta mallaki fili mai faɗin murabba'in mil guda a wani wuri da ake kira Dhapa, ta mai da shi jujin gari. A 1879 aka ba wani mutum mai suna Bhabanath Sen hayar filin, shi kuwa ya shiga noman kayan lambu a kan ruɓaɓɓiyar shara. Lamarin tsabta a wancan zamani lamari ne na rai da mutuwa, domin kwalara ta zama 'yar gida a Bengal, kuma a Kalkata ne likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya tabbatar da ƙwayar cutar a 1884, har ya same ta cikin wani kududdufi da jama'a ke sha suna wanki a ciki.

3.0 Mutuwar Kogi da Somawar Kiwon Kifi

Tsarin Clark ya dogara ne kacokan a kan kogin Bidyadhari. Amma a hankali sai laka ta riƙa cike kogin, saboda ruwan da ke shigo masa daga sama ya ragu, kuma mutane sun datse filayen da yake malala a cikinsu in teku ta ciko, don haka lakar da a da take bazuwa cikin fili sai ta koma kwanciya cikin cikin kogin. A 1928 hukumar ban ruwa ta Bengal ta bayyana cewa kogin ya mutu. Wannan ya jawo asara iri biyu. Birni ya rasa inda zai zubar da ruwansa, masunta kuma, waɗanda suka gaji kiwon kifin zartsi cikin tafkunan da suke kira bheri, suka rasa ruwan da ke ciyar da tafkunansu.

Daga cikin wannan matsi dabarar ta fito. Wajen shekara ta 1930 wani mai tafkuna da ake kira Bidhu Bhushan Sarkar ya gwada shigar da ruwan ƙazantar birni kaɗan-kaɗan cikin tafkinsa, ya zuba kifin ruwan daɗi, ya ga kifin ya yi girma ba tare da an sayi abinci ba. Maƙwabtansa suka kwaikwaya. A ɓangaren hukuma kuwa, babban injiniyan birni, Dokta B. N. Dey, ya tsara sababbin hanyoyin ruwa da za su kai ƙazantar can gabas zuwa kogin Kulti, tafiyar fiye da kilomita 25, aka kammala su a farkon shekarun 1940. Hanyoyin sun ratsa ta tsakiyar ƙasar masunta, kuma an yi ƙofofin da ke ɗaga ruwan yadda zai gangara cikin tafkunan da kansa. An gina manyan tankunan tace laka a Bantala, amma daga baya suka daina aiki, aka bar tafkunan masunta da ɗawainiyar.

4.0 Yadda Aikin ke Gudana

Zurfin tafkin bai wuce kimanin mita guda ba, don hasken rana ya ratsa ruwan. Kafin a zuba kifi, sai a tsiyaye tafkin, a bar ƙasansa ya sha rana, a barbaɗa farar ƙasa, sa'an nan a shigar da ruwan ƙazanta a bar shi ya kwanta na mako biyu zuwa uku. A cikin wannan lokaci ƙwayoyin bakteriya suna narkar da dattin, gansakuka kuma tana cin abin da suka narkar, tana fitar da iskar oksijin wadda bakteriyar ke bukata don ci gaba da aiki. Zafin rana da canjin yanayin ruwan suna kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida. In ruwan ya rikiɗe daga baƙi ya zama kore, wari kuma ya ɗauke, masunci ya san lokaci ya yi. Sai ya saka 'yan kifaye kaɗan ya gwada, in sun rayu ya zuba sauran, yawanci ire-iren da ake kira rohu da katla da mirgal, da kuma karfasa. Kifin yana cin gansakukar, ta haka ba za ta yi yawa ta ruɓe ta ɓata ruwan ba.

Tsire-tsire ma suna da nasu aikin. Masunta suna barin wata irin kainuwa mai shuɗin fure a gefen tafki, su tokare ta da gora don kada ta rufe ruwan. Tana hana igiyar ruwa cin gaɓa, tana ba kifi inuwa, saiwoyinta kuma suna tsotse wani abu daga gubar ƙarafa. Ruwan da ya fita daga tafkunan sai a kora shi gonakin shinkafa da lambuna. Bisa ga ƙiyasin da aka gabatar lokacin da aka yi wa wurin rajista a duniya, ana samun kifi kimanin tan 10,500 a shekara, da kayan lambu tan 150 a kowace rana, kuma mutum wajen 50,000 ne ke cin abinci kai tsaye daga kiwon kifin.

Ya kamata a kwatanta wannan da abin da masana suka gano a Turai, don a ga cewa asalin aikin ɗaya ne. Tun daga 1914, sa'ad da Ardern da Lockett suka fito da hanyar hura iska cikin ruwan ƙazanta a Manchesta, manyan birane suka karkata ga injuna, waɗanda ke cin fili kaɗan amma suna shan wutar lantarki dare da rana. A farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsire-tsire a Jamus, Käthe Seidel, ta nuna cewa ciyayin fadama masu kama da kachala suna iya tsabtace gurɓataccen ruwa, a 1974 kuma aka gina wa garin Othfresen dausayin da aka shuka da hannu bisa ga tsarin Reinhold Kickuth. Irin wannan dausayi, wanda ruwa ke ratsawa ta cikin ƙasa ko tsakuwa da saiwoyi, akan ƙiyasta masa murabba'in mita 5 ga kowane mutum. Ke nan gari mai mutum miliyan ɗaya zai bukaci hekta 500. Abin da aka rage na kuɗin wuta da kayan gyara, da fili ake biyansa, ko a Jamus ko a Bengal.

5.0 Faɗaɗar Birni da Shari'ar 1992

Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, 'yan gudun hijira masu ɗimbin yawa suka kwararo Kalkata daga gabashin Bengal, wurin zama ya yi wuya. Gwamnatin Dokta Bidhan Chandra Roy ta yanke shawarar cike tafkunan arewa da lakar da aka yaso daga Hugli, aka fara aikin a 1962, aka gina sabon garin da ake kira Bidhannagar a kan wurin da a da tafkunan kifi ne. A farkon shekarun 1980 kuma aka buɗe babbar hanyar mota da ta bi ta gefen gabas na birnin. Ruwa ba ya tsami banza: da hanya ta iso, sai kuɗin fegi ya ninka abin da tafki ke bayarwa na kifi, dillalan filaye suka sa wa wurin ido. A takardun hukuma kuwa, ba a ɗauki wurin a bakin komai ba sai ƙasar banza mai jiran gini.

Wanda ya sauya wannan fahimta shi ne Dhrubajyoti Ghosh, injiniyan tsabta a ma'aikatar gwamnatin jiha. A 1981 aka ba shi aikin binciken inda ruwan ƙazantar birnin ke ƙarewa, tun da yake birnin ba shi da babbar matata. Ya bi hanyar ruwan har ya tarar da tafkunan, ya shafe shekaru yana koyo daga masunta, ya zana taswirar wurin, kuma shi ne ya raɗa masa sunan Dausayin Gabashin Kalkata. Amfanin wannan taswira ya fito fili a 1992, sa'ad da wata ƙungiyar mazauna birni mai suna PUBLIC ta kai gwamnati ƙara saboda shirin gina cibiyar ciniki ta duniya a cikin dausayin. Mai shari'a Umesh Chandra Banerjee na Babbar Kotun Kalkata ya hana a cike tafkunan ko a sauya amfanin filin. A watan Agusta na 2002 aka shigar da wurin, mai faɗin hekta 12,500, cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa, a 2006 kuma majalisar jiha ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da shi. Ghosh ya rasu a 2018.

Amma fa doka ba ta kawar da dukkan haɗari ba. Ruwan gidajen jima na unguwar Tangra yana ɗauke da gubar kuromiyam, wadda rana da gansakuka ba sa narkarwa, shi ya sa a 1996 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ba da umurnin a tashi majeman zuwa wani keɓantaccen wuri a Bantala. Har ila yau laka tana cike hanyoyin ruwa da tafkunan, in kuwa tafki ya daina samun ruwa, mai shi yakan sayar, a yanka shi fegi-fegi a gina a saɓa wa doka. Tafkunan kifin da suka rage ba su kai hekta 4,000 ba.

6.0 Kammalawa

Daga wannan tarihi za a iya fitar da abubuwa uku waɗanda ya kamata masu tsara birane su lura da su. Na farko, tsarin ya ɗore ne domin masu gudanar da shi suna samun riba daga gare shi, kuma masuncin da bai kula da ingancin ruwa ba kifinsa ne zai mutu. Na biyu, dausayi yana iya ruwan gidaje, amma ruwan masana'antu sai an tace shi tun daga tushe. Na uku, wurin ya yi aiki shekara hamsin ba tare da an san darajarsa ba, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka yi asarar babban yanki daga cikinsa. Sai da aka auna shi, aka zana shi, aka shigar da shi cikin doka, sa'an nan ya sami mai tsaya masa a gaban kotu. Injin da ya lalace ana iya sayo wani, amma tafkin da aka cike aka yi bene a kansa ba ya dawowa. Saboda haka duk birnin da ke son ya tace ruwansa ta wannan hanya mai sauƙin kuɗi, wajibi ne ya keɓe filin a gangaren gari, ya yi masa iyaka a taswira, tun kafin hanyar mota ta isa wurin.