Hutu, Zumunci da Ƙarin Ilimi: Nazari a Kan Tarukan Keɓewa na Ma'aikatan Ikkilisiya

Aikin fasto ba shi da lokacin tashi. Ranar Lahadi da sauran Kirista ke hutawa ita ce ranar da ya fi shan aiki, sauran ranakun mako kuwa na gaishe da marasa lafiya ne, da jana'iza, da sulhun ma'aurata, da zaman dattawa, da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. A yawancin wurare gidansa na cikin harabar majami'a, don haka duk mai damuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ko da tsakar dare ne. Wannan ne ya sa ikkilisiyoyi da dama suka ware wasu kwanaki a shekara da ake janye ma'aikatansu daga bakin aiki, a kai su wani keɓaɓɓen wuri domin abu uku: su huta, su yi zumunci da takwarorinsu, su kuma ƙaro ilimin aikinsu. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, waɗannan manufofi uku ba sa zama lafiya da juna sai an shirya musu da gangan, kuma idan aka bar su suka yi kokawa, hutu ne kullum ke shan ƙasa.

Masu shirya irin waɗannan taruka suna da madogara a Nassi. A babi na shida na Bisharar Markus, bayan almajirai sun dawo daga wa'azi, mutane sun yi musu yawa har ba su da sukunin cin abinci, sai Yesu ya kira su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta. A babi na 19 na Littafin Sarakuna na Fari, Annabi Iliya ya gudu jeji a gajiye har ya roƙi mutuwa. Abin lura a labarin shi ne jerin abubuwan da suka biyo baya: barci da abinci da ruwa ne suka fara zuwa, har sau biyu, sai daga baya a Dutsen Horeb aka yi masa magana, aka ba shi sabon aiki, aka kuma nuna masa Elisha wanda zai gaje shi. Jiki aka fara yi wa magani kafin a taɓa zuciya. A babi na 18 na Littafin Fitowa kuma, Yetro ya ga surukinsa Musa na zaman shari'a daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawarar raba nauyin. A nan ba a yi maganar tafiya hutu ba, tsarin aikin aka gyara.

Miango da abin da aka gina shi dominsa

A arewacin Nijeriya babu wurin da ya fi Miango dacewa da wannan nazari. Garin na ƙasar Irigwe ne, a ƙaramar hukumar Bassa ta jihar Filato, yamma da Jos. Tarihin gidan hutun da ke can ya samo asali daga hasarar rayuka. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran wannan yanki a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans da Kent sun rasu, Bingham kuma daga baya ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 ƙungiyar da suka fara, wadda aka sani da SIM, ta iya kafa tasha mai ɗorewa a Patigi. Ƙungiyar da ta fara da binne biyu cikin mutum uku ba ta buƙatar wanda zai koya mata cewa ma'aikaci jiki ne da jini.

Tudun Filato, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, yana da sanyi da iska mai daɗi, sauro ma bai kai na kwari yawa ba. A nan SIM ta kafa gidan hutu tun kafin 1920, domin 'yan mishan da ke warwatse a tashoshi masu zafi su riƙa zuwa su murmure. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin 'yan mishan na Amurka sun yi irinta a tudun Kodaikanal na kudancin Indiya tun 1845. A tsakiyar shekarun 1940 aka buɗe makarantar Kent Academy a Miango domin 'ya'yan 'yan mishan, aka sa mata sunan wancan Thomas Kent. Wannan ya ƙara wa wurin wata daraja: zuwa Miango ya zama damar haɗuwar iyaye da 'ya'yansu. Shi kansa Bingham ya kafa irin wannan wuri a yankin Muskoka na ƙasar Kanada a 1924, yana bin sawun taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875, inda ake haɗa hutu da koyarwa kan rayuwar tsarki.

Sai dai a nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya duba da kyau. Ginin ba shi ne ya hutar da ɗan mishan ba. A bayan ginin akwai tsari: hutun shekara da doka ta ba shi, hutun komawa gida bayan 'yan shekaru na aiki, kuɗin da ke zuwa daga masu tallafi a ƙasarsa, da abokin aiki da zai riƙe tasha idan ya tafi. Gidan hutu ɗaya ne daga cikin waɗannan abubuwa, kuma shi ne kaɗai ake iya gani da ido. Masu bishara 'yan ƙasa da suka yi tafiyar ƙafa ƙauye zuwa ƙauye tare da waɗannan Turawa, suna fassara, suna koyar da karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ba domin su aka tsara wannan gata ba. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ta ba, ko da ana yaba wa sadaukarwar 'yan mishan, wadda maƙabartar Miango ke shaida da kaburburan manya da na yara ƙanana.

An kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta a Nijeriya. Gidan hutun ya zama buɗaɗɗe ga ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi da iyalai. Gado ne mai kyau. Amma gini da fili ana iya miƙa su da takarda, tsarin kuɗi da na ma'aikata da ya sa hutu ya yiwu kuwa ba ya miƙuwa haka. Ikkilisiyar ƙasa ta gaji wurin, ta kuma gaji al'adar taro, amma fastonta yana rayuwa ne a kan baikon jama'ar da yawancinsu manoma ne.

Yadda manufofin uku ke cin juna

Wanda ya duba jadawalin taron fastoci na yau da kullum zai ga inda matsalar take. Ana farawa da addu'ar asuba, sai nazarin Nassi, sai lacca, sai wata laccar, sai rahoton kuɗi, sai jawabin shugabanni, da dare kuma wa'azin farkawa. Dalilin cunkoson a bayyane yake. Tara fastocin gunduma guda yana cin kuɗin mota da abinci da masauki, saboda haka kowane sashe na ikkilisiya yana son a ba shi sa'a ɗaya tun da an samu kowa a wuri guda. Ga kuma wani tunani da ya yi kanta, cewa kuɗin da aka kashe a kan lacca an ci riba, wanda aka kashe a kan barcin rana kuwa an yi almubazzaranci. A ƙarshe mutum ya koma gida da littafin rubutu cike da darussa, gajiyarsa kuma ta ninku.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana irin gajiyar da ke kama masu aikin kula da mutane. Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kanta a 1974, Christina Maslach kuma ta fito da ma'auninta a 1981, inda ta rarrabe alamu uku: ƙarewar ƙarfi, da bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke tasowa daga yanayin aiki. Alama ta biyu ita ce mafi haɗari ga mai kiwon ikkilisiya, domin fasto na iya ci gaba da wa'azi mai daɗi shekara da shekaru alhali tausayin jama'arsa ya ƙafe a ransa. Lacca ba ta warkar da wannan. Manomi ya san akwai gonar da taki ba ya isar ta, sai an bar ta ta yi saura.

Zumunci ma yana da tasa cikas, kuma a ganina ita ce aka fi kau da kai daga gare ta. Fasto yana jin asirin kowa, amma ba shi da wanda zai faɗa wa nasa. Ba zai kai kukan aurensa ga dattawan da ke biyan albashinsa ba. Taron takwarori ne ya kamata ya cike wannan gurbi. To amma idan wanda ke jagorantar zaman shi ne mai ikon canja masa wurin aiki, ko ɗaga shi, ko dakatar da shi, wa zai buɗe baki ya ce bangaskiyarsa ta raunana, ko bashi ya yi masa katutu? Za a yi gaisuwa, a yi raha, a ci tuwo tare, kowa ya koma da abin da ya zo da shi a ciki. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma zuwa kaɗai bai wadatar ba idan babu amana. Shi ya sa ya fi kyau a raba taron mulki da taron keɓewa, a kuma gayyato mai ba da shawara daga waje wanda ba shi da hannu a naɗi ko canjin wuri.

Ƙarin ilimi kuwa ba abin raini ba ne. Makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos suna horar da mutum na 'yan shekaru, aikin kuwa na tsawon rai ne, kuma tambayoyin da matasa ke kawowa daga intanet ba su ne aka amsa a aji shekaru ashirin da suka wuce ba. Abin da ake buƙata shi ne darasi kaɗan mai zurfi, da lokacin tattauna shi.

Ikkilisiyar Katolika ta warware wani ɓangare na wannan rikici ta hanyar doka, kuma akwai abin koyi a ciki. Kundin dokokinta na 1983 ya rarrabe abubuwan uku. Doka ta 276 ta wajabta wa limamai keɓewar ruhaniya. Doka ta 279 ta umarce su da ci gaba da karatu da halartar laccoci bayan naɗi. Doka ta 533 ta ba fada mai riƙe da ikkilisiya hutun da bai wuce wata guda ba a shekara, ta ce kwanakin keɓewar shekara ba sa cikin lissafin wannan wata, sannan ta ɗora wa bishop nauyin tsara yadda za a kula da jama'a idan fada ba ya nan. Ko ana cika wannan a kowace dayosis wata magana ce daban. Amma rubuta shi ya mayar da hutu hakki, ya fitar da shi daga jerin alfarmar da ake roƙo, ya kuma amsa tambayar da ke hana ma'aikata da yawa motsawa: wa zai tsaya a bagade ranar Lahadi?

Shekarun tashin hankali sun ƙara wa batun nauyi. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin suka koma Jos na ɗan lokaci, fastoci masu yawa suka zama 'yan gudun hijira tare da jama'arsu. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an sace shi. Ita kanta ƙasar Irigwe, inda gidan hutun yake, ta sha munanan hare-hare, musamman a 2021. Faston da ya binne mutanensa da yawa a rana ɗaya, ya kuma tsaya washegari yana ta'azantar da waɗanda suka rage, ciwonsa ya wuce gajiya. Tarukan warkar da raunin zuciya da EYN da wasu ikkilisiyoyi suka riƙa shiryawa bayan 2014 sun nuna hanya, domin a cikinsu an ba mai ta'aziyya damar zama wanda ake yi wa ta'aziyya.

Saura tambayar wa ke zuwa. Faston babbar majami'ar birni yana da mataimaka da mota da kuɗin masauki. Mai bisharar da ke bakin daji, irin waɗanda ƙungiyar EMS ke aikawa tun daga ƙarshen shekarun 1940, shi kaɗai ne a tasharsa, yana noma domin ya ciyar da iyalinsa, kuma idan taro ya faɗo a lokacin shuka ko girbi, zuwansa hasara ce. Matar fasto kuma, wadda ke jagorantar Zumuntar Mata, tana karɓar baƙi, tana dafa wa duk wanda ya sauka, sau da yawa ba ta da albashi ba ta da suna a jerin ma'aikata. Idan mijin ya tafi keɓewa, aikinta ƙaruwa yake yi.

Saboda haka kira na ga majalisun gundumomi da dattawan ikkilisiyoyi ne. A sa kuɗin hutun ma'aikaci cikin kasafin shekara kamar yadda ake sa na rufin kwano. A tsayar da ranakun taro a lokacin rani, bayan an kai amfanin gona gida. Manyan majami'un birni su ɗauki nauyin motar masu bishara na ƙauye da matansu, su kuma aika wanda zai riƙe musu sujada. A jadawalin taron kuma a bar la'asar babu lacca babu rahoto, kada wani shugaba ya ji kunyar rubuta hakan a takarda.