Aminin Kotu da Shari'ar Zangon Kataf a Kaduna

Aminin kotu shi ne masanin shari'a wanda ba ya cikin masu ƙara, amma alƙalai su gayyace shi, ko shi ya nemi izini, ya ba da haske kan wata matsala. A Nijeriya an fi ganin haka a manyan kotuna, kamar a shari'ar Onuoha Kalu ta 1998, inda Kotun Ƙoli ta gayyaci manyan lauyoyi kan halaccin hukuncin kisa.

Wannan dama ce ba a samu ba a Kaduna a 1993, lokacin da kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu mutane hukuncin kisa kan rikicin Zangon Kataf na 1992. Lauyoyinsu sun janye, aka ci gaba da shari'a, kuma dokar soja ta hana ɗaukaka ƙara. To, a gaban wa aminin zai tsaya? Mai nazari ba ya cewa waɗanda aka tuhuma ba su da laifi; hanyar tantancewa ce aka toshe. Daga baya an mayar da hukuncin ɗaurin shekara 5, kuma a 1995 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta ce an tauye musu haƙƙin shari'ar adalci.