Gidan Kwalabe na Sabon Yelwa

Gidan Kwalabe wani gida ne da aka gina da kwalaben roba da aka yar, a ƙauyen Sabon Yelwa da ke kusa da birnin Kaduna a Najeriya. An fara ginin a shekarar 2011, kuma ana ɗaukar sa a matsayin irinsa na farko a ƙasar. Ƙungiyar DARE mai mazauni a Kaduna, wadda Yahaya Ahmed ke jagoranta a lokacin, ita ce ta gina shi da tallafin ƙungiyar Africa Community Trust ta birnin Landan.

Tarihi

Fasahar ta samo asali ne daga wani Bajamushe mai suna Andreas Froese, wanda ya fara irin wannan gini a ƙasar Honduras, daga nan ta bazu zuwa wasu ƙasashen Kudancin Amurka da Indiya. DARE ta kawo ta Kaduna domin magance matsaloli biyu: ƙarancin muhalli, da kuma robobin da ke toshe magudanan ruwa har su haddasa ambaliya da damina. Kafin nan an san ƙungiyar da sayar da murhu mai tattalin itace da ake kira Save80.

Yadda ake ginin

Ana tattaro gorunan ruwa daga otal-otal, gidajen abinci da ofisoshin jakadanci. Sai a ɗura wa kowace busasshen yashi, a danna shi sosai, a rufe. Daga nan a jera su a kwance kamar tubali bisa harsashin siminti, a cike tsakaninsu da laka, sannan a ɗaure wuyansu da igiya don kada bango ya tsage. Gidan farko mai ɗaki biyu ya ci kwalabe kimanin 14,000. An yi ɗakunansa a zagaye irin na bukkokin gargajiya, kuma yana samun lantarki daga hasken rana.

Amfani

Yashin da ke cikin kwalaben yana tare zafin rana, don haka cikin gidan kan yi sanyi ko da bazara. Masu aikin sun ce kuɗin ginin bai wuce kashi ɗaya bisa uku na ginin bulo ba. Aikin ya kuma zama wurin koyon sana'a, inda aka horar da matasa marasa aikin yi ɗura kwalabe da jera su, ana biyan su ladan aikinsu.

Ƙalubale

Ginin yana cin lokaci da hannaye da yawa, domin kowace kwalba da hannu ake cika ta. Wasu kuma sun nuna damuwa cewa idan salon ya yaɗu, buƙatar yashi za ta ƙaru, farashinsa ya tashi, haƙarsa kuma ta ƙara zaizayar ƙasa.