Wa ya fara satar lu'ulu'un? Tarihin da ke bayan littafin The Moonstone

Jama'a, mun kammala karatun The Moonstone na Wilkie Collins, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da La Pierre de lune. Kashi-kashi muka bi shi, wasu da idonsu, wasu da kunnensu don an riƙa karanta musu ana fassarawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai. Wanda bai kai ƙarshe ba kuma ba ya son a tona mishi asirin ɓarawon, to ya dakata nan, don za mu faɗi komai.

Yadda muka karanta shi ɗin nan, haka mutanen farko suka karanta shi. Littafin ya fito ne a mujallar mako-mako ta Charles Dickens mai suna All the Year Round, daga 4 ga Janairu zuwa 8 ga Agusta 1868, kashi 32, a zamanin Sarauniya Victoria. Mujallar kwabo biyu ake sayar da ita, alhali cikakken littafi mai juzu'i uku yakan kai sule 31 da sisi, kuɗin da lebura ba ya samu a sati. Saboda haka mutum guda ke saye, ya karanta da ƙarfi a gida ko wurin hira, sauran su saurara, sannan a kwashe kwana bakwai ana gardama kan wa ya ɗauki dutsen. Dattawanmu da suka san kulob-kulob na sauraren rediyo da aka kafa a Nijar farkon shekarun 1960 ba za su ga baƙon abu a nan ba: a ji tare, a yi musu tare, a jira na gaba.

Labarin a taƙaice: wata budurwa, Rachel Verinder, ta gaji wani babban lu'ulu'u rawaya daga kawunta, aka miƙa mata ranar da ta cika shekara 18, a watan Yuni 1848, a gidansu da ke Yorkshire. Kafin gari ya waye dutsen ya ɓace. An ƙiyasta kuɗinsa fam 20,000. Ga kuma wasu Indiyawa uku da ke yawo kusa da gidan da sunan masu wasan dabo. Kowa ya ce ai ga ɓarayin nan.

Amma Collins bai fara littafinsa da wannan daren ba. Ya fara ne shekara kusan 50 baya, a birnin Seringapatam na kudancin Indiya, ranar 4 ga Mayu 1799. Wannan rana ta gaske ce, tana cikin tarihi. Sojojin kamfanin Ingila mai cinikin Indiya tare da abokan ƙawancensu suka fasa ganuwar birnin, aka kashe Tipu Sultan, sarkin Mysore, yana faɗa kusa da ƙofa. Tipu ya daɗe yana hana Ingilishi sakat, har ya nemi ƙawance da Faransa don ya kore su. Da birnin ya faɗi, sojoji suka kwana suna wasoso gida-gida, sai da Arthur Wellesley, wanda daga baya ya kayar da Napoleon a Waterloo, ya sa aka rataye wasu aka yi wa wasu bulala kafin abin ya lafa. Ban da abin da ya shige aljihun sojoji a wannan dare, dukiyar da aka ƙirga aka raba bisa muƙami ta haura fam miliyan ɗaya. Har yau kayan Tipu na yawo a Ingila. Damisarsa ta katako mai danne sojan Bature tana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, kuma a watan Mayu 2023 an yi gwanjon takobinsa guda a kan fam miliyan 14.

A cikin wannan wasoson ne Collins ya tsayar da kawun Rachel, hafsa John Herncastle, da wuƙa mai jini a hannu, lu'ulu'un a jikin ƙotarta, masu gadi kwance a ƙasa. Ke nan tun shafin farko an nuna mana sata da kisa, an nuna mana wanda ya yi. Sai kuma a kwashe ɗaruruwan shafuka manyan gida da ƴan sanda da lauya suna neman wanda ya ɗauke wa Rachel dutsenta, babu mai tsayawa ya ce ita ma ta yaya ya zama nata. Wannan ne abin da ya fi tsaya mana a rai. Mutanen wajen Ƙonni daga cikinmu ba su sha wahalar gane shafin farkon ba, don shekara 100 daidai bayan Seringapatam, a watan Mayu 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni. Tutar daban ce, amma sojan da ke biyan kansa da ganimar garin da ya ci, an san shi a ƙasar nan.

Dutsen littafin ƙirƙira ne. Collins ya ce asalinsa a goshin gunkin wata yake a Somnath, ya bi ta hannun sarakuna da mayaƙa iri-iri kafin ya kai ga Tipu, kuma a kowane zamani akwai Birahmin uku, wato limaman addinin Hindu, da ke bin sawunsa, in sun mutu wasu su gaje su. Sai dai shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa ya ɗauko tunanin daga duwatsu biyu na gaske: wanda ke kan sandar sarautar Rasha, da kuma Koh-i-Noor. Na biyun nan duk mai karatu a 1868 ya san shi. A watan Maris 1849, bayan Ingilishi sun ci ƙasar Punjab, aka sa sarkinta Duleep Singh, yaro ɗan shekara 10, ya sa hannu a yarjejeniyar Lahore, cikin sharuɗɗanta har da miƙa dutsen ga Sarauniyar Ingila. A 1851 aka baje shi a babban baje-kolin Landan, wanda mutum kusan miliyan shida suka shiga. Masu kallo suka ce ba ya walƙiya yadda suka zata. Shekarar da ta biyo aka sake sassaƙa shi, ya ragu daga karat 186 zuwa kusan 105. Wato an zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na dutsen don ya yi wa idon Turawa kyau.

Yanzu a duba lokacin da aka rubuta littafin. Shekara 11 kacal da boren 1857, lokacin da sojojin Indiya suka juya wa kamfanin bindiga, aka yi kashe-kashe ta ɓangarorin biyu, Ingilishi suka rama da mugun hannu, har da ɗaure mutane a bakin igwa a harba. Jaridun Landan sun cika da ƙiyayyar Indiyawa. Dickens kansa, mai mujallar, ya rubuta wa wata aminiyarsa wasiƙa a 1857 yana fatan da shi ne babban kwamanda a Indiya da ya shafe jinsin nan. A mujallar mutumin nan ne Collins ya buga labarin da Indiyawan da ake zargi su ne masu haƙuri da riƙon amana, suka bar matsayinsu na addini ta hanyar tsallaka teku don su dawo da abin da aka ƙwace, ɓarawon kuma ya fito daga tsakiyar masu mutunci. Godfrey Ablewhite ne, ɗan'uwan Rachel, kyakkyawa, mai daɗin baki, shugaban tarurrukan ƙungiyoyin agaji na mata, wanda ashe ya cinye dukiyar wani yaro da aka ba shi amana kuma lokacin biya ya matso. Da muka kai wurin nan, ba a rasa masu cewa sun san irinsa ba. Ba mu bari an kama suna ba.

Ɗan sandan labarin ma yana da tushe a tarihi. A 1842 ne aka kafa sashen ƴan sandan ciki a Landan, da mutum takwas kawai, kuma manyan gida ba su so su ba, don ganin suke ɗan talaka ne aka ba izinin buɗe akwatunan masu daraja. Ɗaya daga cikin takwas ɗin, Jonathan Whicher, aka tura ƙauyen Road a 1860, inda aka sami gawar yaro ɗan shekara uku, Saville Kent, a cikin makewayin gidansu. Whicher ya lura rigar barci guda ta ɓace daga lissafin wanki, ya zargi yayar yaron, Constance, ƴar shekara 16. Kotu ta sake ta, jaridu suka yi mishi ca, wai ya ci mutuncin ƴar gidan kirki, har ya bar aiki a 1864. Shekara guda bayan haka Constance ta zo da ƙafarta ta amsa laifi. Ta yi shekara 20 a kurkuku, ta ƙaura Ostareliya, ta rasu a 1944 tana da shekara 100.

Daga nan Collins ya ɗauko Saje Cuff, siririn dattijo mai son furen wardi, da rigar barci da ta gogi ɗanyen fentin ƙofa, da littafin wanki. Cuff ya gano muhimmancin fentin cikin mintuna, abin da ɗan sandan yankin ya raina. Amma ya ɗora zargi kan Rachel, uwar gida ta biya shi ta sallame shi, kuma a nan kuskure ya yi. Mun yi gardama sosai kan wannan. Wasu sun ce Collins tsoro ya ji, ya wanke ƴar masu kuɗi inda tarihi bai wanke Constance ba. Mu dai muna ganin ya fi haka zurfi, don wadda ta biya kuɗin zargin ita ce Rosanna Spearman, ƴar aikin gida mai ƙusumbi a kafaɗa wadda ta taɓa zaman gidan gyaran hali saboda sata. Da abu ya ɓace, ita aka fara kallo. Ta ɓoye rigar ne don ta rufa wa Franklin Blake asiri, mutumin da take so wanda ko kallonta ba ya yi, daga ƙarshe ta ba da kanta ga yashin bakin teku mai haɗiye mutum. Matan da ke cikinmu sun fi daɗewa a kan Rosanna fiye da kan lu'ulu'un, kuma suna da gaskiya.

Sai batun ƙwaya. Franklin ne ya ɗauki dutsen da hannunsa, Rachel na kallo, shi kuma bai sani ba. Ya bar shan taba, barci ya ƙi zuwa, ya yi wa likita Candy ba'a a wurin cin abinci, likitan ya sa aka ɗiga mishi lodanom a abin sha don ya koya mishi hankali. Lodanom ruwan ofiyom ne da aka jiƙa cikin barasa. A Ingila ta lokacin ana sayar da shi a kanti kamar sukari, har jarirai ake ba don su yi shiru, kuma sai a wannan shekarar ta 1868 aka yi dokar farko da ta taƙaita sayar da shi. Wanda ya ga yadda tramol ya shiga tashoshi da kasuwanninmu ya san ma'anar maganin da ba shi da mai tsaro. Collins ya san abin daga jikinsa: ciwon gaɓoɓi ya sa ya kamu da lodanom, kuma yana tsakiyar rubuta littafin mahaifiyarsa ta rasu a watan Maris, ciwo ya kwantar da shi, ya riƙa faɗa ana rubutawa don kada kashin mako ya makara. A ƙara da cewa Ingila na noman ofiyom a Indiya tana tura wa Sin, har ta yi yaƙi biyu da Sin a kan cinikin. Abu biyu ne suka birkita gidan Verinder, dutsen da ƙwayar, kuma dukansu suna da ƙafa a dukiyar mulkin mallaka. Wanda ya warware ƙullin kuwa Ezra Jennings ne, mataimakin likita, ruwa-biyu, haifaffen wata ƙasar mallaka, wanda garin duka ke ƙyama.

Ana yawan cewa wannan ne cikakken littafin bincike na farko a Ingilishi. Mawaƙi T. S. Eliot na cikin masu faɗin haka, kuma Sherlock Holmes bai bayyana ba sai 1887, shekara 19 bayansa. Tsarinsa ne ya fi ɗaukar hankalinmu: shaidu ke karɓar labarin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi iya abin da ya gani, tun daga tsoho Betteredge, babban baran gida mai neman amsar komai a Robinson Crusoe, zuwa Miss Clack mai cusa wa mutane takardun wa'azi ko suna so ko ba sa so. Mai karatu ya zama kamar alƙali. A nan ne kuma iyakar Collins ta fito fili. An ba baran gida baki, an ba lauya, an ba ɗan sanda, har Rosanna ta yi magana ta wasiƙa bayan mutuwarta, amma Birahmin ukun ba a ba ko ɗayansu shafi guda ba, ko sunansu ba mu ji ba. Su ne suka toshe numfashin Godfrey a ɗakin wani masauki a Landan, inda ya ɓad da kama ya yi shigar matuƙin jirgin ruwa bayan ya fanso dutsen daga mai ba da bashi da ruwa. Har komawar dutsen Somnath a 1850, da rabuwar mutanen uku kowa ya kama hanyarsa ta tuba ba za su sake haɗuwa ba, ta bakin wani Bature matafiyi muka ji ta.

A takarda dai dutsen ya koma gida. Koh-i-Noor kuwa yana nan a Hasumiyar Landan, a jikin kambin da aka ƙera a 1937 don matar Sarki George na Shida. Indiya ta nema, Pakistan ta nema, Afghanistan da Iran ma kowace ta ce nata ne. A bikin naɗin Sarki Charles a watan Mayu 2023, matarsa Camilla ta zaɓi wani kambin daban, aka bar shi cikin akwatin gilashinsa.